GWADO DA LURU A ƘASAR DAWAKIN TOFA: WA ZAI KAƊA ABAWAR GOBE?

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa ƙarshen Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, babu abin da magidanci a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano ya fi bukata da dare kamar mayafi mai kauri. Iska takan taso daga Hamada ɗauke da ƙura, ta ratsa danga da zana, awon sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15 kafin asuba. A zamanin kakanni maganin wannan sanyi yana cikin garin, ba a zuwa nemansa ko'ina. Auduga ta gonar bayan gida ce, zare na hannun matan gida ne, masaƙi maƙwabci ne, ɗinki kuwa a zaure ake yinsa bayan an kau da amfanin gona. Abin da ake samu a ƙarshe shi ne gwado, ko kuwa luru ga mai hali.

Yau duk wanda ya shiga Kantin Kwari a farkon ɗari zai tarar da barguna jibge, masu laushi, masu zanen furanni da damisa, galibinsu na zaren roba daga ƙasar Sin, ga kuma na gwanjo a gefen titi. Gwado bai ɓace ba, amma ya ja da baya ƙwarai. Idan aka tambayi dalili, amsar da aka saba bayarwa ita ce masaƙa sun yi ƙaranci. Wannan gaskiya ne, sai dai ba a nan gizo yake saƙa ba. Masaƙi shi ne na tsakiya a wannan sana'a. Kafin shi akwai mai kaɗi, bayan shi akwai maɗinki, su biyun nan kuwa ba safai ake ambatonsu ba, alhali ɗumin gwado daga hannun ta farkon yake fitowa, ƙarkonsa kuma daga hannun na biyun.

Dawakin Tofa tana arewa maso yamma da birnin Kano. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar mutum 247,875 a cikin fili mai faɗin murabba'in kilomita 479, watau fiye da mutum 500 ke nan a kowace murabba'in kilomita. A cikinta ne kasuwar hatsi ta Dawanau take, a kan hanyar Katsina, da garuruwa irin su Kwa da Tumfafi da Tattarawa da Ganduje da Marke. Ƙasa ce wadda gona take haɗe da gona, ba a barin saura, ana noma fili ɗaya kowace shekara da taimakon taki. Inda jama'a suka yi yawa haka gona kuwa ta yi kaɗan, noma shi kaɗai ba ya riƙe gida, tilas ne kowa ya sami sana'ar rani. Wannan shi ya sa tun tuni karkarar Kano ta cika da masu kaɗi da masaƙa da marina da maɗinka.

Sirrin Abawa

Aikin yana farawa ne daga gurza. Mace za ta shimfiɗa auduga a kan magurji, ta bi ta da ƙarfe tana murzawa har angurya ta fita. Sa'an nan ta ɗauko bakan shiɓa ta shiɓe ta, ta warware, ta tashi kamar kumfa. Daga nan sai kaɗi: mazari da gululu a gindinsa, taskira a gefe, ɗan alli kuma a yatsa don kada zaren ya kufce. Zare iri biyu take fitarwa. Akwai siriri mai murɗi sosai, wanda ake wadari da shi, domin shi ne zai jure ja da gogar allera. Akwai kuma abawa, mai kauri, mai sakwa-sakwa, wadda ba a murɗa ta da yawa, ita ce ake naɗawa a kwarkwaro a sa cikin ƙoshiya.

Ɗaliban kimiyya sun san cewa ba tufa ce take kawo ɗumi ba, iskar da tufa ta tsare ce, gama iska ba ta saurin miƙa zafi daga wuri zuwa wuri. Abawa cike take da iska a tsakanin silin auduga, saƙar da aka yi da ita kuma ba ta matsewa. Saboda haka gwado yakan riƙe ɗumin jiki da dare, ya kuma bar gumi ya fita, abin da bargon roba ba ya iyawa. Wanda ya taɓa kwana da bargon roba a ƙarshen Fabrairu, lokacin da farkon dare zafi ne asuba kuwa sanyi, ya san bambancin. Har ila yau akwai batun wuta. A ɗakin da ake kwana da kasko, tartsatsi idan ya faɗa wa auduga takan ci ne ta zama toka, roba kuwa narkewa take yi ta manne a fata.

Masaƙi yana zaune ne a masaƙarsa, ƙafafu suna taka allera, wadarin ya miƙe gabansa kamu da yawa, an ɗaure ƙarshensa a kunkuru da dutse a kai. Abin da yake fitarwa ƙwarya ce doguwa. Faɗinta ya danganta da abin da za a yi da ita. Ta turkuɗi, irin wadda ake rinawa a Kura, ba ta kai inci guda ba. Ta gwado da luru ta fi kowace faɗi, daga tafin hannu har zuwa taƙi. Gwado yawanci fari ne sol, ko da ɗan ratsi. Luru ya fi girma da nauyi, farin ƙasa da ratsin baƙi na shuni a gicciye, wani lokaci da zane-zane a tsakanin ratsin. Mata ma suna da tasu masaƙar ta tsaye a cikin gida, wadda take fid da ƙyalle mai faɗi amma gajere, a haɗa biyu ko uku ya zama zane ko mayafi.

Inda Allura Take Shiga

To, a nan ne wahalar take. Abin da ya ba saƙar abawa ɗumi shi ne kuma ya sa ɗinkinta ya zama aikin gwani. Ƙyallen da ba a matse saƙarsa ba yana da hali uku. Idan aka sa masa almakashi, bakin yankan yakan tsefe, zare ya riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Idan aka ja shi, yakan miƙe ya karkace. Idan kuma aka wanke shi karo na farko, yakan tsuke. Duk telan da ya ɗauke shi kamar yadin kanti, ya yanka ya kai bakin keke, zai ga ɗinkin ya tattare, bayan wanki biyu ko uku kuma ya buɗe, ba don zaren ɗinkin ya tsinke ba, sai don ƙyallen da kansa ya zare daga cikin ɗinkin.

Magabata sun warware matsalar farko tun daga masaƙa. Kowace ƙwarya tana fitowa ne da bakinta biyu a rufe, domin abawa tana zuwa gefe ta juyo, ba a yanke ta. Saboda haka maɗinkin gwado ba ya yanka a tsaye ko kaɗan. Yakan auna tsawon da yake so, ya yanke ƙwarya a gicciye kashi-kashi, sa'an nan ya haɗa baki da baki. Ba ya ɗora wani a kan wani, gama yin haka zai kawo tudu wanda zai dami mai barci. Allura tana ɗaukar zare ɗaya ko biyu daga wannan baki, ta ɗauki ɗaya ko biyu daga wancan, a zagaye, kusa da kusa. In an gama aka shimfiɗa, ɗinkin yakan kwanta har mutum ya shafa bai ji shi ba. Sau da yawa akan ga maɗinki zaune a tabarma ya maƙale ƙarshen ƙwaryar a babban yatsan ƙafarsa, yana ja da hannun hagu yana ɗinki da dama. Ba ƙawa ba ce. Ta haka ne yake daidaita jan ɓangarorin biyu, don kada ɗaya ya miƙe ya fi ɗaya, a kai ƙarshe a tarar wata ƙwarya ta yi saura.

Wurin da aka yanka, watau kai da gindin mayafin, shi kaɗai ne abin tsoro. Hanya biyu ake bi. Ko a yi kalmasa, a naɗe bakin sau biyu a bi shi da ɗinki, ko kuwa a zare 'yan layukan abawa a bar zaren wadari, a murɗe shi a ƙulla, ya zama geza. Geza ado ce, amma aikinta na fari shi ne hana tsefewa.

Zaren ɗinkin ma ba kowanne ba. Tsofaffin maɗinka da zaren hannu suke yi, irin na wadari, domin shi da ƙyallen jinsinsu ɗaya, tare suke tsukewa a ruwa, tare suke tsufa. Zaren roba na keke ya fi audugar hannu ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ya kuwa tsukewa. A kwana a tashi sai ya riƙa yanka bakin ƙwaryar kamar reza. Ƙarfin da ya wuce kima a nan aibi ne.

Luru ya ƙara wani nauyi a kan wannan. Tun da ratsinsa a gicciye yake, tilas ne ratsin kowace ƙwarya ya faɗa daidai da na 'yar'uwarta, in ba haka ba layin ya karye. Masaƙi yana awo da ɗan kara yayin da yake saƙa, amma hannu ba inji ba ne, bugun safe dabam na yamma dabam. Maɗinki ne yake gyara wannan bambanci, ya ɗan ja nan ya ɗan sassauta can, har layukan su haɗu. Masu sayen luru na da sukan ɗaga shi sama su dubi haske ta cikinsa, su bi ɗinkin da ido. Da ganin yadda ratsi ya gamu da ratsi sun san kuɗin da za su taya.

Gwado idan ya tsufa ba a yar da shi. Tsakiya ce take fara cinyewa, sai a farke ɗinkin, a cire ƙwaryar da ta mutu, a mai da ta gefe tsakiya. In ya ƙara tsufa a ninka shi biyu, ko a haɗa shi da tsohon zane a yi masa shafi, a bi shi da dogayen layukan ɗinki don ɓangarorin su riƙe juna, ya zama shimfiɗar yaro ko ta tsoho. Wannan dabara ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. Matan Bengal, a Indiya da Bangladash, suna tara tsofaffin tufafi su ɗinke su zama mayafin da suke kira kanta. Manoman arewacin Japan sun yi irinsa da tsummokaran shuni. A Amurka kuwa matan wani ƙauye mai suna Gee's Bend a Jihar Alabama, jikokin bayi, sun daɗe suna haɗa mayafai daga tsofaffin kayan aiki, har cikin 2002 aka baje kolinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York. Abin da talauci ya koyar a can ya zama abin alfahari. A nan kuwa har yanzu sunansa tsumma.

Lifidi

Gwanintar ɗinki mai cushe ta ƙasar Kano ba a kan gado ta kai matuƙa ba, a kan doki ne. Wannan kuwa ya shafi Dawakin Tofa ta wata fuska, domin a al'adance Madakin Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki, shi ne hakiminta, asalin sarautar Madaki kuwa shugabancin mayaƙan doki ne. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kananeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ke nan sana'ar ta haura shekara 600.

Lifidi ƙyalle biyu ne na saƙar hannu, a cusa audugar rimi a tsakani, a bi da basilla a ɗinke layi-layi ko gida-gida. Audugar rimi tana da santsi, shi ya sa ba ta kaɗuwa, amma ba ta da nauyi kuma ba ta shan ruwa da wuri. Santsin nan ne yake sa ta gudu ta taru wuri ɗaya idan ɗinkin ya yi nisa da juna. In kuwa ya yi kusa ainun sai lifidin ya sandare, doki ya kasa motsi. Maɗinki yana neman tsakiya ne: kaurin da kibiya za ta shiga ta maƙale, da laushin da zai bi jikin dabba. Masu tarihin yaƙe-yaƙen Daular Sakkwato sun bayyana raunin lifidi guda biyu, watau nauyinsa, wanda yakan sa barde in ya faɗi ya kasa tashi sai da taimako, da kuma saurin kama wuta.

Yau babu kibiya, amma 'yan lifida suna nan a Hawan Salla da Hawan Daushe, cikin ja da rawaya da kore. Cikin Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Sai dai mai kallo da ya matsa kusa zai lura cewa yadin kanti ya shiga aikin sosai. Launi ya ƙaru, saƙar gida ta ragu.

Yadda Aka Zo Nan

Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano cikin 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Abin da ya fi burge shi shi ne ba a manyan masana'antu ake aikin ba kamar na Turai, a cikin gidaje ake yi, kowane iyali da nasa hannu a ciki.

Turawan Ingila da suka ci Kano cikin 1903 da wata niyya suka zo. An kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Biritaniya, watau BCGA, cikin 1902, don neman wa masaƙun Lankasha auduga, suka kuwa ɗora fatarsu a kan Arewa. Ɗaya daga cikin hujjojin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano cikin 1911, ita ce kwasar wannan auduga. Amma lissafin bai fita ba. Ƙungiyar tana taya kwabo ɗaya a kan laba, masu kaɗi da masaƙan Kano kuwa suna biyan fiye da haka. Manomi ya sayar wa na gida audugarsa, ya shuka wa Bature gyaɗa. Daga 1912 gyaɗa ce ta cika jirgin. Watau mazarin matan karkara ya kayar da Lankasha a kasuwar Kano, abin da ya kamata kowane ɗalibin tattalin arziki ya sani. Daga baya sai cinikin audugar fitarwa ya kafu a ƙasashen Zazzau da Katsina da Sakkwato, inda aka yi injinan gurza a garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi da Gusau.

Abin da Lankasha ta kasa, masaƙun gida na zamani sun yi shi. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles cikin 1957, ta United Nigerian Textiles ta biyo baya a shekarun 1960, Kano ma ta sami nata, irin su Bagauda da Gaskiya. Akoko da alawayyo suka yi araha. Abin da ya fi wannan tasiri shi ne zaren inji ya shigo kasuwa a ƙulle-ƙulle, sumul, ba ya tsinkewa. Masaƙi ya ga sauƙi ya karɓa, da fari don wadari kawai, daga baya har da na ƙoshiya. Ba za a zarge shi ba. Amma duk ƙullin da ya saya, wata mata a cikin gida ta rasa ciniki.

Kaɗi shi ne ya fi kowane mataki cin lokaci. Abin da masaƙi zai saƙe a yini guda, mace ɗaya ba ta kaɗa shi a kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa a da kowane masaƙi yake dogara da mata da yawa. Ladan kuwa kaɗan ne. Muddin babu wata sana'a a cikin kulle, mata sun riƙe shi, da shi suke tara kayan ɗakin 'ya'yansu. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga cikin 1954, ya nuna yadda kaɗin mata da saƙar maza suke cikin rayuwar gida ta yau da kullum. Da aka sami ɗinkin hula da ƙuli-ƙuli da dafa abincin sayarwa, waɗanda suke kawo kuɗi da sauri, sai 'yan mata suka daina zama kusa da kakanninsu su koya. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya ƙara canza yadda yarinya take cin yininta. Babu mai hankalin da zai so a koma baya a kan wannan. Sakamakon dai shi ne kaɗi ya zama aikin tsofaffi.

Sa'an nan masaƙun zamanin su ma suka durƙushe. An rushe Hukumar Cinikin Auduga cikin 1986 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da yadin Asiya suka haɗu, Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, United Nigerian Textiles ta tsai da aiki a Kaduna cikin 2007. Aka wayi gari inji ya kori mazari, shi kuma injin ya tsaya. An yi ba wan ba ƙanen.

Abin Da Hukuma Take Gani

Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe cibiyoyin koyar da saƙa da masaƙa mai faɗi a wasu larduna, idon hukuma a kan na'ura yake. Haka abin ya ci gaba. Cikin 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje ta hannun hukuma, ya kuma ba manoman auduga rance, domin a tayar da masaƙun zamani. An janye hanin cikin 2023. Ko shirin ya yi nasara ko bai yi ba, bai shafi tsohuwar da take zaune da taskira a Marke ko Tattarawa ba. Ita damuwarta ƙanƙanuwa ce: ta sami 'yar auduga mai kyau kusa da gida, ta kuma san cewa in ta kaɗa akwai mai saye a kan farashin da ya fi na ƙullin kanti.

Wasu ƙasashe sun dubi wannan gefen. A Indiya, Mahatma Gandi ya mai da kaɗin hannu alamar neman 'yanci, bayan samun mulki kuma aka yi dokar 1956 wadda ta kafa hukuma ta musamman don saƙar hannu da sana'o'in ƙauye. Hukumar tana rarraba auduga, tana sayen zare, tana da kantuna, tana kuma da hatimin da yake shaida cewa ƙyalle na hannu ne. A Burkina Faso, Thomas Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya umarci ma'aikatan gwamnati su riƙa sa tufar saƙar gida da ake kira Faso Dan Fani. An yi gunaguni a lokacin, gama tilas ba ta da daɗi, amma saƙar ta rayu, ta kuma sake farfaɗowa bayan 2014. Darasin Burkina yana da iyaka, domin yawancin masu saƙar can da zaren inji suke aiki. Sun ceci masaƙi, ba su ceci mai kaɗi ba. Na Indiya ne ya fi kusa da ciwon Dawakin Tofa.

Gwado ba zai taɓa yin gasa da bargon Sin a wajen araha ba, ɓata lokaci ne a yi wannan mafarki. Kasuwarsa wata ce dabam: kayan ɗakin amarya, kyautar da hukuma take ba baƙi, shimfiɗar masaukai, da masu ɗinkin zamani na Legas da Abuja waɗanda suka fara neman saƙar hannu ido rufe. Irin waɗannan masu saye suna iya biya, amma sai sun tabbata abin da suke saye. A halin yanzu luru na abawa da na zaren inji suna rataye wuri ɗaya, suna ɗaya, baƙo ba ya bambancewa, saboda haka farashin na ƙwarai yakan faɗo ya tarar da na kwaikwayo. Shaida daga Ma'aikatar Ciniki ta Jiha, ko daga ƙungiyar masu sana'ar da kansu, wadda za ta nuna cewa wannan kaɗin hannu ne kuma ɗinkin hannu, ba za ta ci kuɗin da gyaran inji guda zai ci ba. Sashen kula da harkokin mata na Ƙaramar Hukuma yana iya ƙidaya masu kaɗin da suka rage gunduma-gunduma, ya haɗa su da masaƙa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda take fid da irin auduga, tana iya ba da shawarar irin da ya dace da 'yar gonar bayan gida. Makarantun 'yan mata da suke koyar da saƙar kwarashi, wadda baƙuwa ce, ba abin da zai hana su gayyato tsohuwa guda ta nuna yadda ake riƙe mazari.

Kafin a kai ga haka, ma'aikacin da ya karɓi albashi ya nufi Kasuwar Kurmi neman luru yana iya gwadawa da kansa. Ya dubi zaren gicciye: na hannu ba ya zama kauri ɗaya, nan ya kumbura can ya sirance, wani wuri har da ɓurɓushin angurya. Ya juya bayan mayafin ya bi mahaɗin ƙwarya: in ya ga layi biyu a miƙe da baki a ɗore, keke ne. Ya murza ratsin baƙin da ɗan yatsa mai laima, gama shunin karofi yakan bar alama a sabon ƙyalle. In ya saya, wankin fari da ruwan sanyi ne, ba a matsewa da murɗa, a shanya shi a kwance a inuwa, don nauyin ruwa kada ya ja ɗinkin.